Murfin da Ko Iska Ba Ta Shiga

Murfin tankin motar mahaifina ya yi shekara talatin da ɗaya bai taɓa kwana a waje ba. Da motar ta dawo hannuna, wata goma sha huɗu kawai ya iya haƙuri da ni.

Ranar Juma'a ce, a gidan mai. Ni mutum ne mai taka-tsantsan, kowa ya shaida, shi ya sa ba na yarda mai zuba mai ya riƙe mini murfi. Na fito na kwance shi da hannuna, na ɗora a rufin mota, na kafa wa mita ido kada a cuce ni. Ba a cuce ni ba kuwa. Na shiga na ja mota ina yaba wa kaina. Sai da na iso ƙofar gida na ji wari, na zagaya na tarar da bakin tanki a wangale yana kallona. Na bi hanyar a ƙafa, zuwa da dawowa, ina leƙa kwata. Na samu murafan kwalba sun fi ashirin. Namu dai ya yi nasa wuri.

Na cusa tsumma a bakin, na rufe da leda, na ɗaure da roba. Ban gaya wa Baba ba, amma hancinsa bai shanye ba.

Baba direba ne. Ya yi shekara ashirin yana jan babbar mota, da gwiwa ta fara ƙara ya sayi wannan, muka sa mata suna Tsohuwa tun tana sabuwa. Bakanike bai taɓa sa mata hannu ba, shi ne likitanta. Ni kuwa tun ina firamare ya gama karanta ni. Ya ce in miƙo masa sifana mai lamba goma, na miƙo filaya, ya dube ni ya ce, "Kai dai hannunka na biro ne, Akawu." Sunan ya bi ni, aikin ma ya bi ni. Yau shekara ashirin da shida ina jera fayil a ofis, ban taɓa ɓatar da ko ɗaya ba, in ban da waɗanda aka ce in ɓatar.

Shekara biyu da suka wuce ɓarin jikinsa na dama ya shanye, ya tafi da harshensa. Abin da ya rage masa shi ne hannun hagu, da ido, da wani gurnani da kowa a gidan ke fassarawa yadda ya fi masa sauƙi. Bayan haka ƙoda ta ce ita ma ta gaji. Sai ya zama duk Litinin da Alhamis, ƙarfe bakwai na safe, Tsohuwa za ta kai maigidanta asibiti wankin ƙoda, can ɗaya ƙarshen gari.

Na'ura shida ce a ɗakin wankin, masu buƙata kuwa sun fi a ƙirga. Dokarsu ɗaya ce: ka makara da rabin awa, an ba wani gadonka. Akwai dogon benci a bakin ƙofa, inda waɗanda ba su samu shiga jerin ba suke zama tun da duku-duku, suna jiran wani ya makara. Mu ma mun yi wata uku a bencin nan kafin a rubuta sunan Baba. Na san irin fatan da ake yi a kansa, don ni ma na yi, kuma Allah ya karɓa.

Ranar Asabar matata ta ce ita fa ba za ta kwana da bam a tsakar gida ba, ga warin yana tayar wa Baba zuciya, ga hadari yana haɗuwa. Na tafi layin masu sayar da kayan gyaran mota. Na faɗi irin motar da shekararta, mai shagon ya yi dariya ya ce, "Yallaɓai, wanda ya ƙera ta ma ya manta da ita." Ya miƙo wani baƙin murfi na roba mai ƙyalli, da makullai biyu a jikinsa.

"Wannan kowace mota yana hawa. Dubi robar cikin nan. In ka murɗa shi, ko iska ba ta shiga, bare ruwa, bare ɓarawo."

Ko iska ba ta shiga. Maganar nan ce ta saye ni. Na yi shekara ashirin da shida ina yaƙi da danshi da gara a ɗakin fayil, duk abin da aka ce iska ba ta shigarsa ɗan'uwana ne.

Na bari sai Lahadi da la'asar, lokacin da Yaya take zuwa duba Baba, don a yi abin gaban shaidu. Yaya ce babbarmu, ta girme ni da shekara biyar kuma ba ta taɓa barina na manta ba. An fito da Baba a kekensa na guragu an ajiye shi a inuwar katanga, inda yake son zama yana kallon motar. Kwana uku ke nan da wankin ƙarshe, ƙafafunsa sun cika sun yi sheƙi, silifas ɗin ma a yatsu kawai suka tsaya. Kullum Lahadi haka yake. Litinin ce ke sauke shi.

Na naɗe hannun riga. Na ɗauko tsumma mai tsabta da ɗan buroshi.

"Iko sai Allah," in ji Yaya. "Yau Akawu ne da aikin ƙarfi. A kawo masa ruwa kada ya suma."

"Murfi ne fa kawai zai murɗa, Yaya," in ji matata daga wajen igiyar shanya. "Ko ni ina murɗa na man shafawa kullum, ba a taɓa tara mini jama'a ba."

Ban kula su ba. Na cire ledar, na zaro tsumman a hankali kada zare ya faɗa ciki, na goge bakin tankin har sai da tsatsar ta fita. Na fito da sabon murfin daga kwalinsa. A nan ne Baba ya yi gurnani ya miƙo hannun hagu.

Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Na kai masa kamar ɗalibi ya kai takardar sakamako. Ya karɓa ya juya shi, ya kawo cikinsa dab da ido, ya bi robar da farcen babban yatsa, ya bi tsakiyar, ya sake bi. Sai ya kafa murfin a baki ya hura. Kumatunsa ɗaya ya kumbura, ɗayan yana nan a sake, yawu ya gangaro ta gefen da ya mutu ya sauka a rigarsa. Ya ja numfashi ya sake hurawa.

"Wayyo ni," in ji Yaya. "Karɓe, Akawu, karɓe! Ya ɗauka abin ci ne."

Mun daɗe da yanke wa Baba hukunci a gidan nan, ba tare da mun zauna ba. Ya taɓa sa cokali a aljihu, ya taɓa yin kuka don an canza masa matashi, muka ce tsufa ya gama aikinsa, ya koma yaro. Tun daga nan duk abin da ya riƙe sai a karɓe da lallashi. Na durƙusa na ce, "Kawo, Baba, ba na baki ba ne." Ya ƙi. Hannun nan na hagu har yanzu hannun direba ne. Sai da na ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, ni da furfurata, a gaban matata.

Ya buɗe tafin hannun a cinya, ya lanƙwaso ɗan yatsa yana caka tsakiyarsa, yana caka, yana kallona.

"Ƙaiƙayin ciwon ƙodar nan ne ya motsa," in ji Yaya. Ta zauna ta kama hannun tana sosa masa. "Sannu Baba. Gobe za a wanke, ka ji? Gobe i war haka ka huta."

Ya rufe ido ya juya fuska wajen katanga.

Na goge yawun da gefen rigata, na murɗa murfin. Ya zauna daram, ya yi ƙas-ƙas, na kulle. Na zagaya layinmu sau ɗaya, Tsohuwa tana tafiya kamar an sake haifarta. Daga nan na wuce gidan mai na ce a cika ta har wuya, don kada mu tsaya ko'ina da safe. Wannan karon na riƙe murfin a hannu kamar jariri.

Ƙarfe shida na safiyar Litinin ni da matata muka ciccibo Baba. A bakin mota ya riƙe ƙofa ya ƙi shiga, yana nuna bayan motar da haɓa. Na ce masa keken yana but, ban manta ba. Ya ci gaba da nunawa. Matata ta ce ƙila na'urar yake tsoro yau. Muka lanƙwasa shi muka zaunar a gaba, na ɗaura masa bel, numfashinsa yana fita da ɗan ƙara kamar ana jan ruwa da tsinke.

Mun yi minti ashirin lafiya. Mun hau sabuwar hanyar da ta zagaye gari, mun wuce gada, sai Tsohuwa ta yi tari. Na taka totur, ta yi kamar ba da ita nake ba. Ta sake tari, ta yi shiru, muka gangara gefen titi a gaban wasu rumfuna da ba a buɗe ba.

Shida da minti ashirin da biyu. Na murɗa makulli, ta yi kuka ba ta tashi ba. Na fita na buɗe bonet, don na ga haka ake yi. Na dubi injin, injin ya dube ni. Na taɓa wata waya, na girgiza kan batir, na koma na murɗa, sai ga shi ta tashi. Wallahi a lokacin har na ɗauka ni na gyara ta. Wannan tashin ne ya cuce mu, don da ta mutu murus tun farko da na nemi wata dabara. Ta yi tafiyar da ba ta kai kiran mutum ba, ta sake mutuwa. Na jira, ta tashi, ta yi rabin wancan. A karo na uku ko tari ba ta yi ba.

Baba yana dukan gilashi da bayan hannu, yana nuna baya.

"Ba za mu koma gida ba, Baba," na ce. "Ka yi haƙuri. Asibiti za mu."

Na tsaya a titi ina ɗaga hannu. Motocin haya duk a cike, lokacin ma'aikata ne. Wata tasi ta tsaya, direban ya leƙo ya ga tsoho a kumbure da keke a but, ya ce ba can ya nufa ba, alhali ban faɗi inda za mu ba. Na kira Yaya, ta ce innalillahi, ta ce me na taɓa, ta ce ga ta nan, ita da ba ta da ko keke. Bakwai ta buga ina tsakiyar titi da rigar ofis, ina yi wa motoci magiya.

Wani dattijo ne ya zo buɗe ɗaya daga rumfunan, mai faci, yana jan injin iskarsa a baro. Ya ajiye ya ƙaraso. Na fara yi masa bayanin batir, bai ko dube ni ba. Ya sunkuya ta tagar Baba.

"Ina kwana, direba. Me ta ce maka?"

Ban san yadda ya gane ba. Ƙila yadda Baba ya karkata kunne wajen injin ne, ƙila kuma ya dube ni ya tabbatar motar ba tawa ba ce. Baba ya nuna baya. Mai facin bai fassara ba, bin yatsan kawai ya yi. Ya taka ya dafa ƙofar baya, Baba ya girgiza kai. Ya dafa taya, ya girgiza. Ya dafa ƙofar tanki, Baba ya daki gilashi sau biyu.

"Kawo makullin wannan abin."

Na ba shi. Murfin ya ƙi juyawa sai da ya sa hannu biyu. Da ya saki, sai muka ji tankin ya ja iska, doguwar ja, kamar wanda aka danne a ruwa aka sake shi. Daga ƙarƙashin motar ƙarfe ya yi ɓam, ya koma daidai.

"Wa ya sa mata wannan?"

"Ni ne."

"Yaushe?"

"Jiya."

Ya juya murfin, ya bi cikinsa da farce, ya kafa a baki ya hura. Kumatunsa biyu suka kumbura. Ya sauke ya tofar da yawu.

"Ka toshe mata hanci, ɗan'uwa. Irin waɗannan tsofaffin ta murfi suke shaƙar iska. Akwai 'yar huda a na asalin, kamar ta allura. Mai yana fita, iska tana shiga. In babu, famfo ya yi ta ja har ya gaji. Wannan na motocin yanzu ne. Ka cika ta ne?"

"Har wuya."

"Shi ya sa ba ta yi nisa ba." Ya miƙo mini. "Ai kafin a sa murfi hurawa ake. Ba ka nuna wa tsohon ba?"

Na ce na nuna masa.

A tsaye a nan na tuna, kuma ban san inda abin ya ɓuya jiya ba. Duk yarintata a gindin mutumin nan na yi ta yana hura abubuwa: tiyo, matatar mai, 'yan ƙananan hancin kafireto. Har mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta, takan ce bakinsa ya fi na kowa sanin ɗanɗanon fetur. Na ga wannan sau dubu. Jiya na gani na dubu da ɗaya, na ce yarinta ce.

Mai facin ya ce in ɗora murfin sako-sako kada in murɗa. Tsohuwa ta tashi a bugu na biyu. Ban dubi Baba ba har muka isa, shi ma titi yake kallo.

Takwas saura minti goma na turo keken cikin barandar. Bencin ya ragu da mutum ɗaya. Ta gilashin ƙofa na hango gadonmu, na uku daga taga, wata mata a kai an riga an jona ta. Mijinta yana tsaye a waje da jakarta a hannu. Ya gane mu. Ya sunkuyar da kai yana gyara zif ɗin jakar da ba abin da ya same shi. Ban ji haushinsa ba. Ni ma na taɓa gyara zif.

Babbar nas ɗin ta fito, wadda ke kiran Baba "angona". Ta danna ƙafarsa da yatsa, ramin ya zauna bai taso ba.

"Akawu, har bakwai da minti talatin da biyar na riƙe muku. Me ya faru?"

"Mota ce."

"Motar da ba ta taɓa makara ba?"

"An yi mata gyara," na ce.

Ta ce jerin rana a cike yake, na Talata da Laraba ma haka. Ɗaya asibitin da ke da na'ura, tasu ta yi wata biyu a lalace. Ta sa likita ya ƙara masa ƙwayoyi, ta ce ruwa sai dai a jiƙa masa leɓe, kada a kwantar da shi a miƙe. In wani bai zo ba za ta sa mu gaba. Muka koma benci, mazauninmu na da. Har azahar kowa ya zo a kan lokaci. Talata muka dawo tun da sassafe, murfi sako-sako, fetur yana fantsama a jikin fenti. Ranar ma kowa ya zo. Ban taɓa ganin mutane masu kiyaye lokaci irin marasa lafiyar nan ba.

Da la'asar ɗin Talata aka jingina Baba da matasai huɗu a ɗakinsa. Fuskarsa ta cika har idanun sun ƙanƙance. Yaya tana bakin gado da kofi da auduga. Na shigo da murfin, da siririyar ƙusa, da filaya, da kyandir.

"Kai kuma mene ne haka? Fitar mana da wannan tsiyar."

"Bari, Yaya."

Na durƙusa na ɗora masa murfin a cinya, cikinsa a sama. Ya daɗe yana kallona. Ina jira ya ture shi, da ya yi daidai. Sai ya ɗago hannun, ya bi robar da farce, ya wuce tsakiya inda makulli yake, ya tsaya a wani ɗan lungu kusa da gefe. Ya danna farcen a wurin.

Na gasa ƙusar a wuta har ta yi ja. Na fara cakawa a tsaye, ya yi gurnani, ya karkata tafin hannunsa. Na karkata ƙusar, don kada ruwan sama ya samu hanya, wannan ko ni na gane. Roba ta yi ƙauri, ƙusar ta faɗa. Da ya huce na miƙa masa. Ya kai baki, ya tattara abin da ke ƙirjinsa, bai kai na hura ashana ba. Ya sauke, ya turo mini.

Na kafa baki na hura. Ɗacin fetur ya cika mini harshe, wata siririyar iska ta fita ta ɗaya gefen, har ta kaɗa wutar kyandir. Baba ya gyaɗa kai sau ɗaya, irin gyaɗawar da na yi shekara hamsin ina nema. Yaya ta tashi ta fita da kofin a hannu.

Ya rasu ranar Laraba wajen sha biyun rana, a zaune. Likitan ya ce zuciya ce, ya ce mai irin wannan ciwon ba a iya cewa ga abin da ya jawo, ko an yi wankin Litinin yana iya faruwa. Mutumin kirki ne likitan. Na lura bai ce da zai faru ba.

Da yamma, gida cike da mutane, na zame na shiga Tsohuwa na rufe ƙofa, don nan ne kawai babu mai yi mini gaisuwa. Na kira babbar nas. Na gaya mata. Ta yi addu'a, ta ce angonta ya tafi ya bar ta.

"Dama cewa zan yi," na ce, "gobe Alhamis. Kada ku sa mutanen benci jiran rabin awar nan. Ƙarfe bakwai daidai a ba wani."

Ta ce to, za ta duba wanda ya fi kumbura.